Harshe da Awo a Tsara Manhajar Lissafin Cefane da Abincin Ɗalibai: Misali Daga Mubi

1.0 Gabatarwa

Kalmar manhaja ba baƙuwa ba ce a bakin malaman Hausa. Daga Larabci aka aro ta, kuma ta daɗe da ma'ana guda, wato tsarin darussan da aka shata wa ɗalibi ya bi. Da wayar hannu ta yaɗu, sai 'yan jarida suka ɗora mata sabon kaya, ta koma tana nufin duk wani tsari da ake zubawa a waya ko kwamfuta don ya gudanar da wani aiki. Da wannan ma'ana ta biyu aka yi amfani da ita a nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin abubuwan da suka wajaba a kan wanda ya ƙudurta tsara manhajar Hausa da ɗalibi zai riƙa lissafin cefanensa da abincinsa da ita, tare da ɗaukar garin Mubi na Jihar Adamawa a matsayin misali. Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mujallar harsuna da aikin masana kwamfuta. Amsar ita ce, lissafin da irin wannan manhaja ke yi bai wuce tarawa da ɗebewa da rabawa ba, abin da ɗan aji huɗu na firamare zai iya. Wahalar tana wajen sunan abin da ake lissafawa, da ma'aunin da aka auna shi, da kuma lafazin da za a yi wa mai wayar magana da shi.

2.0 Ɗalibi da Tukunyarsa a Mubi

Mubi gari ne na kan iyaka, a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram. Ya zauna ƙarƙashin Jamusawa, sannan Ingila ta riƙe shi amana, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 wadda ta shigo da shi Nijeriya, ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Fali da Gude da Njanyi da Higi da Margi da Fulani da Hausawa duk suna zaune a cikinsa da kewayensa, kuma Hausa da Fulatanci ne harsunan da ke haɗa su a kasuwa. Garin na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979 aka dawo da ita Mubi a 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da kuma kwalejin koyon aikin kiwon lafiya. Ɗalibai da yawa ba a harabar makaranta suke kwana ba, haya suke kamawa a unguwanni irin su Lokuwa da Barama da Wuro Patuji, kowa da risho ko kurfoti ko ƙaramar tukunyar gas a bakin ƙofa.

Wannan hali bai daɗe ba. A shekarun 1970 ɗalibin jami'a tikiti yake riƙewa ya shiga ɗakin cin abinci, kuma ƙarin kwabo 50 da aka yi a kan kuɗin abincin yini, daga N1.50 zuwa N2.00, yana cikin abin da ya haddasa boren ɗalibai na watan Afrilun 1978, lokacin da Kanar Ahmadu Ali yake Kwamishinan Ilmi na Tarayya. An rasa rayuka a Legas da Zariya a wannan bore. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa, cikin ɗalibi ya koma wuyansa da na iyayensa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A wannan shekara ce kuma asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ya fara aiki, da kuɗin ɗawainiya na N20,000 a wata. Idan aka raba wannan kuɗi ga kwana 30, za a sami kimanin N666 a yini, wato N222 ga kowane zama in za a ci sau uku, ba a cire kuɗin ruwa da sabulu da keke-napep da buga takardu ba.

Su kansu ɗalibai sun daɗe da ƙirƙiro tasu hanyar rubuta wannan lissafi. Idan ɗalibi ya ce yau 1-0-1 yake yi, to ya karya, ya tsallake rana, ya ci da dare. Mai 0-1-0 da rana kaɗai ya ci. Mai 0-0-1 ya yini da yunwa ba don azumi ba. Raha ce a bakinsu, amma duk mai tsara manhaja da ya raina ta ya yi asara, domin taɓawa uku ce kawai a fuskar waya, kuma tana ba da labarin yini guda fiye da dogon fom ɗin da ba wanda zai cike.

3.0 Abin da Manhajar za ta Ƙirga

Manhajojin da aka fi sani a wannan fage an gina su ne a kan damuwar wasu mutane daban. MyFitnessPal, wadda ta fito a Amurka a 2005, kalori take ƙirgawa, saboda masu amfani da ita tsoron ƙiba suke yi. Tana kuma dogara da zanen layukan nan da ake bugawa a jikin kwali ko gwangwani, wanda kyamarar waya ke karantawa. Splitwise kuwa kuɗi take rabawa tsakanin abokan zama. Ɗalibin Mubi ba ƙiba ce ta dame shi ba, kuma masara da kuɓewa da busasshen kifin da yake saya ba su da zane a jikinsu. Tambayarsa guda ce: abin da ke ɗakin nan, kwana nawa zai kai? Saboda haka kwana ya kamata ya zama ginshiƙin lissafin, shi ne kuma adadin da ya kamata ya fara gani da ya buɗe manhajar.

A ɗauka wata ɗaliba ta taho daga Michika ko Hong da guzurin mudu 6 na shinkafa da mudu 3 na wake, kuma mudun da aka auna da shi yana cin gwangwanin madara 8. Tana da gwangwani 48 na shinkafa ke nan, da 24 na wake. In tana dafa gwangwani 2 na shinkafa da 1 na wake a yini, garau-garau zai kai ta kwana 24. In ƙawarta ta shigo tukunyar, shinkafar ta koma gwangwani 3 a yini, kwana 16 ne. Sai dai wannan lissafi na takarda ne, domin shinkafa ba ta dafa kanta. Mai yakan riga hatsi ƙarewa, gas ko gawayi yakan riga mai, kuma wake ya fi kowane abinci cin wuta ko da an jefa masa kanwa. Abin da ya fara ƙarewa shi ne ke yanke kwanakin tukunya, don haka shi manhajar za ta riƙa nunawa a sama, ba wanda ya fi yawa ba.

Misalin ya fito da wasu abubuwa da manhajojin waje ba su tanada ba. Guzuri ba shi da farashi, daga rumbun gida aka ɗebo shi, saboda haka manhajar da ta ƙi karɓar kaya sai an rubuta kuɗinsa ta rufe ƙofa ga 'ya'yan manoma, waɗanda su ne da yawa a wannan yanki. Haka kuma girki ɗaya ba ci ɗaya ba ne: tuwon dare shi ne ɗumamen safe, tilas a raba shigar da girki da shigar da ci, in ba haka ba za a cire garin sau biyu. Sai kuma batun tukunyar karo-karo, wanda ya fi su sarƙaƙiya. Wannan ya kawo masara, wancan ya kawo manja, na uku ba shi da komai amma shi ke kai niƙa, shi ke girki, shi ke wanke-wanke. Na'ura na iya mayar da duk wannan zuwa naira ta ce wane yana bin wane kaza, amma ba a ƙirga wa aboki loma, kuma ranar da waya ta fara ƙirgawa tukunyar ta watse. Abin da ya dace shi ne manhajar ta nuna abin da ya shiga tukunya da abin da ya rage, ta bar hukuncin wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya yi zamba a hannun masu tukunyar.

4.0 Awo da Cefane

Turanci yakan haɗa sayen kayan abinci a kalma ɗaya, Hausa kuwa ta raba. Awo shi ne sayen hatsi da ma'auni, wanda akan yi jefi-jefi, a kuma ajiye. Cefane asalinsa sayen kayan miya ne, na yau da gobe, wanda ba ya ajiyuwa, ko da yake a birane ma'anarsa ta faɗaɗa ta rufe duka. Ga mai tsara manhaja, tsohon bambancin ya fi amfani, saboda lissafinsu ba ɗaya ba ne. Kayan awo raguwa suke yi sannu a hankali, tambayarsu ita ce saura nawa. Kayan cefane lalacewa suke yi, musamman a zafin Maris da Afrilu a ɗakin da ba firji, tambayarsu ita ce yaushe aka sayo.

Tun a shekarun 1970 Nijeriya ta koma ma'aunin kilo da lita a hukumance, amma kasuwar hatsi ba ta bi ba. Idan aka duba da kyau, za a ga ma'aunan kasuwa iri uku ne. Akwai na mazubi, kamar mudu da kwano da tiya da gwangwani da kwalba, har da gorar ruwan Faro da ta ƙare aikinta na farko ta koma mazubin mai. Waɗannan ma ba su da tsayayyen girma. Mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, ɗalibin da ya taho daga Kano ya saba da buhu mai cin kwano 40 zai tarar ana magana da wani ma'auni, kuma ko a mazubi ɗaya akwai bambanci tsakanin awon da aka tara ya yi tozo da wanda aka kare da hannu don ya ƙara ɗauka. Sannan ga gyara, wadda ba ta shiga ciniki amma tana shiga tukunya. Neman a daidaita duk wannan da kilo ɓata lokaci ne, tunda ɗalibi ba shi da sikeli. Mafita ita ce a mayar da gwangwanin ɗalibin kansa, wanda yake ɗibar hatsi da shi kullum, ya zama ma'aunin manhajar. Ranar da ya yi awo a wata sabuwar kasuwa, sai ta tambaye shi sau ɗaya gwangwani nawa mudun ya ci, ta riƙe.

Iri na biyu shi ne na hannu: kashin tumatir, ɗaurin alayyafo, ƙullin gishiri, yankan kabewa. Iri na uku, wanda ya fi ruɗa na'ura, shi ne na kuɗi. Mai saye ba ya cewa a ba shi kaza na tattasai ya ji farashi, cewa yake yi a ba shi tattasai na 200. A nan kuɗin ne ya zama ma'auni, ta hanyar harafin mallaka na ko ta. Idan kaya suka yi tsada, adadin kuɗin ba ya motsi, kashin ne ke ƙanƙancewa. Manhajar da ke bin farashi kawai za ta ga N200 a Janairu, ta ga N200 a Yuni, ta ba da rahoton cewa tattasai bai tashi ba, alhali kuwa na Janairu ya yi miya uku, na Yuni bai ƙarasa ɗaya ba. Don haka tambayar da ta dace da kayan cefane ita ce girki nawa ya yi. Daga amsar ne za a fitar da ainihin tsada, wato kuɗin girki ɗaya.

Ƙirgar kuɗin kanta tana da nata tarko, musamman in za a bari a shigar da bayani da murya. Naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, amma har yanzu akwai tsofaffin da ke ƙirga da fam, inda fam 50 ke nufin N100, jaka kuma N200. A bakin mutanen Nijar jaka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, kuma a gari irin Mubi da sefa ke zagayawa ba za a rasa mai irin wannan ƙirga ba. 'Yan kasuwa kan shafe dubu su ce mudu biyu da rabi ne, suna nufin N2,500. Ga kuma ƙirgar ragi, inda dubu ba ɗari ke nufin 900. Manhajar da ba a koya wa waɗannan ba gara ta tsaya ga lambobi, ta kuma riƙa maimaita wa mai shigarwa abin da ta fahimta kafin ta adana.

5.0 Sunayen Abinci da Rubutunsu

Ɗaliban Mubi daga sassa daban-daban suke, kowa da Hausar da ya taso da ita. Abin da Bakano ya kira waina, mutumin Bauchi da na Adamawa masa suke ce masa. Ƙuli-ƙuli ƙarago ne a wasu wurare, kuɓewa guro ce a bakin Basakkwace, yakuwa sure ce, dankali kuma kudaku ko lawur. Daddawa da daudawa abu ɗaya ne. Ba aikin manhaja ba ne ta zaɓi karin harshe guda ta ce shi ne daidai. Aikinta shi ne ta ba kowane abinci lamba ɗaya a rumbun bayananta, ta rataya masa duk sunayensa, ta kuma riƙa nuna wa kowa sunan da ya fara rubutawa. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya yi ƙoƙarin nuna yankin da kalma ta fito, har yau shi ne wurin da ya fi dacewa a fara wannan tattarawa, sai kuma ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006. Sauran aikin a bakin 'yan kasuwa yake.

A Mubi tilas a ƙara da Fulatanci, ko da a wajen bincike ne kawai: maaroori ga shinkafa, nyebbe ga wake, biriiji ga gyaɗa, nebbam ga mai, follere ga yakuwa. A nan ne ake cin karo da kalmar da ta fi kowace haɗari a wannan fage:

(1) gari: niƙaƙƙen hatsi, kamar garin masara ko na dawa
(2) gari: garin kwaki, wanda ɗalibai ke jiƙawa
(3) gari: birni ko ƙauye
(4) gaari: kunu, a Fulatancin Adamawa

Tsayin wasali ne ya raba (1) da (3), kuma daidaitacciyar Hausa ba ta nuna shi a rubutu. Ɗalibin da ya rubuta ya sha gari da safe, in Bahaushe ne garin kwaki ya jiƙa, in kuwa Bafulatani ne yana iya nufin kunun gyaɗan da aka san Adamawa da shi. Kuɗinsu ba ɗaya ba, amfaninsu a jiki ba ɗaya ba, kayan da za a cire daga ajiya ma ba ɗaya ba. Ba yadda na'ura za ta warware wannan da kanta. Hoto ƙarami a gefen kowane suna shi ne magani mafi arha.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, kuma allon rubutu irin Gboard yana da su, amma mafi yawan masu waya ba su kunna shi ba. Bugu da ƙari, da yawa daga waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su ba sa bambanta k da ƙ ko a furuci. Ke nan akwatin bincike ya wajaba ya ɗauki kosai a matsayin ƙosai, danwake a matsayin ɗanwake, kwai a matsayin ƙwai. A babban ƙamus wannan sassauci zai rikita wake da waƙe, amma a jerin da bai wuce na abinci ba rikicin kaɗan ne. Abin da bai kamata a sassauta ba shi ne rubutun da manhajar ke nunawa. Ta karɓi kosai, ta mayar da ƙosai. Ɗalibin da ke ganin daidaitaccen rubutu sau uku a yini yana samun darasin ƙa'idojin rubutu da ba a kira shi aji ba.

Dangane da gina jiki, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, aka kuma faɗaɗa shi a bugun 2019. Da giram aka yi lissafinsa, don haka duk adadin da za a ciro daga kashi da ƙulli kintace ne. Ya fi gaskiya manhajar ta tsaya ga abin da za ta iya tabbatarwa, alal misali cewa kwana 6 ke nan ba a shigar da wake ko ƙwai ko kifi ko ganye ba.

6.0 Yadda Manhaja ke Magana

Turanci ba ya tilasta wa mai magana ya san jinsin wanda yake yi wa magana, Hausa kuwa tana tilastawa. Me ka ci da me kika ci ba ɗaya ba ne, kuma rubutun ka/ki da ake gani a wasu fassarori muni ne a ido, cikas ne a karatu. Harshen kansa ya tanadi mafita. Sigar umarni marar wakilin suna, kamar Shigar, Adana, Goge, ba ta nuna jinsi, ta kuma dace da maɓallai. Ga tambayoyi akwai wakilin suna na boye: me aka dafa, nawa aka sayo. Wannan siga tana da wata fa'ida, domin ba ta nuna wa kowa yatsa, kuma ta dace da tukunyar mutum uku kamar yadda ta dace da ta mutum ɗaya.

Rukunan aikatau, waɗanda F. W. Parsons ya fasalta a 1960, su ma suna rage wa mai tsarawa aiki. Sayo ya ƙunshi cewa kayan sun iso ɗaki, saboda haka shi ne sunan maɓallin da ke ƙara ajiya. Ci da cinye sun raba tsakanin abincin da aka taɓa da wanda ba a rage ba, wato tsakanin tukunyar da za ta ba da ɗumame da wadda ba za ta bayar ba. Sunayen lokutan ci kuwa gara a bar su safe da rana da dare, tunda kalaci karin kumallo ne a wani wuri, a wani wurin kuma kowane abinci ne. A watan Ramalana sai su koma sahur da buɗa-baki. Kiristocin da ke azumi su ma a ba su damar nunawa, don kada na'ura ta ƙirga ibada a matsayin yunwa.

7.0 Wuta, Intanet da Rufin Asiri

A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Adamawa da Borno da Yobe. A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ya faɗa hannun Boko Haram, ɗalibai suka watse, wasu ta kan duwatsu har Kamaru, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. A 2024 lalata turakun layin Jos zuwa Gombe ya jefa Arewa maso Gabas cikin duhu na makonni. Garin da ya ga waɗannan ba a kawo masa manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet. Bayanan su zauna a cikin wayar, manhajar ta zama marar nauyi, mai aiki a kan tsohuwar Android, kuma shigar da yini guda kada ya ci fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin cajin ma da kuɗi ake yin sa a shago.

Ajiye bayanan a waya yana da wani dalili da ya fi na wuta. Jerin 0-0-1 na mako biyu a ƙarshen zango asirin ɗalibi ne da na gidansu, haka ma bashin da mai shago da mai shayi ke bin sa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana sarrafa bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba, amma haɗarin da ya fi kusa shi ne abokin ɗaki da ya ari waya don ya yi kira, ko kamfanin ba da rance da zai so sanin ranar da shinkafar wane za ta ƙare don ya aiko da tallarsa a daren. Saboda haka manhajar tana bukatar lambar sirri tata daban da ta wayar, sanarwarta kada ta bayyana a fuskar waya da cikakken bayani, kuma shafin tukunyar karo-karo kada ya nuna ajiyar da kowa ke da ita a jakarsa. In hukumar makaranta ko ƙungiyar ɗalibai na son sanin makon da yunwa ta fi tsanani don ta shirya tallafi, jimillar adadi marar suna ta ishe ta, kuma ita ma sai wanda ya yarda ya aika.